In Zafin Duniya Ya Ƙetare Iyaka

A cikin watan Disamba na shekarar 2015 wakilan ƙasashen duniya, wajen 195, suka taru a Paris, babban birnin Faransa. Abin da ya tara su shi ne zafin duniya, wanda ya ke ta ƙaruwa shekara da shekaru. Suka yi mako biyu suna ja-in-ja, daga ƙarshe suka ƙulla yarjejeniya, suka sa iyaka. Suka ce ba za a bar ƙarin zafin ya kai digiri 2 ba, za a tsai da shi ƙasa da haka sosai. Suka kuma ce za a yi iyakar ƙoƙari kada ya wuce digiri 1.5, watau ɗaya da rabi. To, yanzu masana sun ce wannan iyaka ta ɗaya da rabi za a ƙetare ta ba da jimawa ba. Tambayar da mutane su ke yi ita ce, in an ƙetare, ana iya komowa? Abin da za mu duba ke nan.

Da fari sai mu san mene ne digiri. Wanda ya taɓa kai majinyaci asibiti ya ga ɗan ma'aunin nan da a ke sa masa a hammata ko a ƙarƙashin harshe. Shi ne ma'aunin zafi, kuma lambobin da ke jikinsa su ne digiri. Jikin mai lafiya ya kan nuna wajen 37. In ya nuna 38 da rabi, likita ya ce zazzaɓi ne. Kun ga ke nan, ɗaya da rabi ne kurum tsakanin mai lafiya da mai kwance.

Wani zai ce, ai da hunturu tsakanin sanyin asuba da zafin azahar a kan sami bambancin da ya fi digiri goma, ba wanda ya mutu. Gaskiya ne. Amma ba zafin gari ɗaya a ke nufi ba, ba kuwa na yini ɗaya ba. Ana auna zafi a wurare dubbai, a tudu da cikin teku, dare da rana, rani da damina. Sa'an nan a tara duka a raba, a fid da matsakaici. Wannan matsakaici shi a ke gwadawa da na shekarun 1850 zuwa 1900, kafin injuna su cika duniya. Shi kuwa matsakaici ba ya motsi da wasa. Wajen shekara dubu ashirin da suka wuce duniya ta fi yanzu sanyi da kamar digiri 5 ko 6 kaɗai, amma a wannan zamani ƙanƙara ta rufe ƙasar Kanada da arewacin Turai. Ku lura kuma, tudu ya fi teku saurin ɗaukar zafi. Saboda haka mu da mu ke nesa da teku rabonmu ya fi matsakaicin.

Abin da ke kawo ƙarin zafin wata iska ce marar launi, marar wari, ana kiranta iskar kabon. Ita ce ta ke fita in an ƙone kwal, ko man fetur, ko gas, ko itace. Tana kuma fita wajen yin siminti, da in an sare kurmi an cinna masa wuta. Hasken rana ya kan ratsa ta ya iso ƙasa ba wahala. Amma zafin da ƙasa ta ke mayarwa sama, sai ita ta tare wani sashi nasa, kamar yadda bargo ya ke tare ɗumin jikin mai barci. Bargon nan dama akwai shi tun fil azal, in da babu shi da duniya ta daskare. Ƙara masa kauri da mu ke yi shi ne damuwar.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Tun 1896 wani masani mutumin Suwidin, ana ce da shi Arrhenius, ya yi lissafi ya ce in iskar nan ta yawaita duniya za ta yi ɗumi. A 1958 wani Ba'amurke mai suna Keeling ya fara auna ta kullum a kan dutsen Mauna Loa, cikin tsibirin Hawai. Ga yadda za ku gane lissafin. Ku ɗauka an zuba ƙwayar hatsi miliyan ɗaya a tabarma, gero ne duka, sai 'yar dawa kaɗan a ciki. Dawar ita ce iskar kabon. Kafin zamanin injuna ƙwayar dawa 280 ce. Sa'ad da Keeling ya fara awo ta kai 315. Yanzu ta haura 420.

To, ga inda maganar ta ke da wuya, sai ku natsu. Iskar kabon ba kamar hayaƙin murhu ta ke ba, wanda in an kashe wuta ya watse. Taruwa ta ke yi. A ko wace shekara 'yan Adam suna fid da wajen tan biliyan 40, biliyan ɗaya kuwa miliyan dubu ke nan. Kamar rabinta teku da itatuwa su kan shanye. Sauran rabin ya zauna a sama, wani sashinsa har ɗaruruwan shekaru, wani ma dubbai. Misalinta kamar randa ce wadda a ke zuba wa ruwa kullum. In jiya an zuba tulu huɗu, yau an zuba biyu, an rage zubi, amma ruwan randa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Ba zai daina hawa ba sai ran da aka bar zubawa, ko kuwa abin da a ke ɗiba ya yi daidai da abin da a ke zubawa.

Wannan daidaito shi ne ƙasashe da yawa suka yi alkawarin kaiwa. Tarayyar Turai ta ce 2050, Sin ta ce kafin 2060, Indiya ta ce 2070. Nijeriya ma a 2021 ta ce 2060. Masana sun ce ran da duniya duka ta kai wannan matsayi, zafin zai tsaya kusan inda ya ke. Ku ji da kyau, tsayawa zai yi, ba sauka ba. Wanda ya ke so ruwan randa ya sauka, sai ya sa moɗa ya kwasa.

Ina aka kwana yanzu? Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara rubuta awo. Hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ƙarin ya kai wajen digiri 1.55. Ita ce shekara ta fari da ta wuce ɗaya da rabi. Duk da haka ba a ce an karya iyakar Paris ba tukuna, domin ba da shekara ɗaya a ke hukunci ba. Manomi ba ya cewa gonarsa ta mutu don damina ɗaya ta ƙi. Masana su kan dubi matsakaicin shekaru kamar ashirin. A bisa irin wannan lissafi ƙarin yana tsakanin 1.3 da 1.4, kuma yana hawa da fiye da 0.2 a ko wace shekara goma. Ba sai an je makaranta mai zurfi ba a ga inda aka dosa. A watan Oktoba na 2025 Babban Sakataren Majalisar, Antonio Guterres, ya fito fili ya ce ƙetare ɗaya da rabi ya zama tilas cikin 'yan shekaru masu zuwa. A watan da ya biyo baya hukumar muhalli ta Majalisar ta fid da nata lissafin. Ta ce in ko wace ƙasa ta cika alkawarinta, ƙarin zai kai 2.3 zuwa 2.5 a ƙarshen wannan ƙarni. In kuwa aka ci gaba da dokokin da a ke bi a lokacin, zai kai wajen 2.8. Amurka kuma, wadda ta fi ko wace ƙasa zuba iskar nan in an haɗa tun daga farko, shugabanta ya sa hannu a kan ficewa daga yarjejeniyar a watan Janairu na 2025.

Daga nan ne zancen ƙetarewa a komo ya taso. Masu wannan shawara suna cewa, tun da ya ke ba makawa za a wuce, to, a yi ƙoƙari kada a yi nisa. A tsaya a 1.6 ko 1.7, sa'an nan a hankali a jawo zafin ya dawo ɗaya da rabi kafin shekarar 2100. Abin ya yi daɗin ji. Bari mu ga da me za a jawo shi.

Mafi sauƙi shi ne wata iska dabam da a ke kira mitan. Ita ce iskar gas ɗin da a ke haƙowa daga ƙasa kafin a ƙone ta. Tana yoyo daga rijiyoyin mai, da bututu, da ramukan kwal. Tana fita daga gyatsar shanu da tumaki, da fadamun shinkafa, da juji in ya ruɓe. A cikin shekara ashirin na fari ta fi iskar kabon riƙe zafi kamar sau 80. Amma tana da hali ɗaya mai kyau, ba ta daɗewa. Cikin shekara goma sha biyu ko kusa da haka yawancinta ya lalace a sama. Watau ita randarta hujajjiya ce, da an rage zubi sai ruwa ya sauka da kansa. A taron Gilasgo na 2021 ƙasashe fiye da ɗari, har da Nijeriya, suka yi alkawarin rage ta da kashi 30 cikin 100 kafin 2030. An yi lissafi in an cika wannan za a kauce wa ƙarin wajen 0.2 kafin 2050. Toshe bututu mai yoyo ba ya bukatar wani sabon ilmi, sau da yawa ma gas ɗin da aka tare a sayar da shi a ci riba. Amma faɗi ya fi yi sauƙi. Dokar Nijeriya ta hana ƙone gas a banza a filayen mai tun daga 1984, ga shi kuwa har yanzu harsunan wutar nan suna ci a yankin Neja Dalta.

Mitan kaɗai ba za ta isa ba. Babban aikin shi ne kwashe iskar kabon daga sama. A nan sai mu yi lissafi tare, don lissafin shi ne zuciyar maganar. Masana sun gano cewa ko wane tan biliyan 1,000 da aka zuba ya kan ƙara zafi wajen digiri 0.45. In an juya lissafin, domin a sauko da zafi kashi ɗaya cikin goma na digiri, watau 0.1, sai an kwashe wajen tan biliyan 220. Wannan ya fi abin da duniya duka ta ke fitarwa a shekara biyar. In an tsaya a 1.7 ana so a komo 1.5, sai an kwashe tan biliyan 440. Kuma ba a fara ƙirga kwasar ba sai bayan an biya abin da a ke zubawa a wannan shekara. Ku ɗauka an kai matsayin da a ke kwashe rarar tan biliyan 5 a shekara. Za a yi kusan shekara 90 ana yi. Jikan wanda ya fara ne zai ga ƙarshen aikin.

To, nawa a ke kwashewa yanzu da gangan? Wajen tan biliyan 2 a shekara, kuma kusan duka itatuwa ne ke yi. Itace yana shan iskar kabon ta ganyensa, ya gina jikinsa da ita. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Shi ya sa in an ƙone shi a rufe ya ke zama gawayi.

A wannan fanni manoman Maraɗi da Damagaram suna da abin nuna wa duniya. Bayan farin 1984 suka kama wata dabara da su ke kira sassaben zamani. Maimakon a sassabe gona tas, in an tarar da kututture yana toho sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a tsare shi daga awaki da masu gatari. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, saboda haka ya kan girma da sauri ya fi dashe. Wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka fara yaɗa dabarar a ƙasar Maraɗi tun 1983. Da aka duba daga baya aka tarar an raya wajen hekta miliyan 5, da itatuwa kamar miliyan 200. Da yawansu gawo ne, wanda kowa ya san halinsa: ya kaɗe ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. Manoman nan ba don zafin duniya suka yi ba. Don taki suka yi, da itacen girki, da tare iska kada ta binne shuka. A ganinmu wannan ne ya sa aikin ya ɗore, domin mutum ba ya sakaci da abin da ke cika masa rumbu.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Ƙasar da za a dasa itace tana da iyaka, ita ce kuma a ke nomawa a ke kiwo. Itace in ya gama girma shan da ya ke yi ya ragu. Kuma ajiyarsa ba ta da tabbas. Ran da ya ƙone ko ya ruɓe, duk abin da ya sha ya koma sama. A 2023 gobarar daji ta cinye wajen hekta miliyan 15 a Kanada, watau ninki uku na abin da manoman Nijar suka raya cikin shekara ashirin da wani abu. Zafin kansa shi ke busar da dajin ya sa wuta ta kama. Akwai masu ƙone kara da ɓuntun shinkafa a rufe su zama gawayi, su binne a gona. Wannan ya fi daɗewa a ƙasa, yana kuma taimakon gonar wajen riƙe laima, sai dai har yanzu kaɗan a ke yi.

Saura injuna. A tsibirin Aisland, can arewa da Ingila, wani kamfani mai suna Climeworks ya kafa ma'aikata a 2021. Manyan fankoki suna jan iska su bi da ita ta cikin wani abu mai kama da rariya, shi kuwa ya riƙe iskar kabon. Sa'an nan a gauraya ta da ruwa a tura can ƙarƙashin ƙasa cikin baƙin dutse. Cikin shekara biyu ko kusa da haka sai ta zama dutse ita ma. Wannan ajiya ce ta gaske, ba wuta ba gara. A 2024 suka buɗe wata babba wadda aka shirya ta kwashe tan 36,000 a shekara, ko da ya ke a shekararta ta fari ba ta ko kusa da haka ba. Ku ɗauka ma ta cika. Abin da za ta kwashe a shekara guda, duniya ta kan zuba shi cikin rabin minti. Kuɗin kwashe tan ɗaya kuwa ɗaruruwan daloli ne, ga cin lantarki. Ba mu ce a raina aikin ba, ko wace sana'a da ƙanƙanta ta ke farawa. Amma wanda ya zuba gishiri mudu guda a miya, yana sa rai zai tsince shi da cokali, ya ɗauko wa kansa aiki.

Akwai wata shawara kuma wadda ta shafe mu nan kai tsaye. Kun san yadda hazo ya ke dushe rana da hunturu, gari ya yi sanyi. A watan Yuni na 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta, ya watsa hayaƙin farar wuta tan miliyoyi can ƙololuwar sama. Hayaƙin ya kewaye duniya kamar hazo, zafi ya sauka da kusan rabin digiri har shekara ɗaya zuwa biyu. Waɗansu suka ce, to, me zai hana a riƙa aika jiragen sama su watsa irin wannan ƙura da gangan? Da araha, da sauri kuma.

Ga abin da zai hana. Na fari, iskar kabon tana nan ba ta tafi ba, rufe ta aka yi. Ƙurar kuwa ta kan faɗo cikin shekara ɗaya ko biyu, sai an yi ta watsawa ba fashi, watakila ɗaruruwan shekaru. In yaƙi ko rashin kuɗi ya sa aka tsaya, duk zafin da aka danne ya taso gaba ɗaya. Sa'an nan ga zancen damina. Ruwanmu yana bin ɓangaren duniya da ya fi ɗumi. In aka sanyaya arewacin duniya fiye da kudancinta, sai hadari ya ja da baya ya yi kudu. Masana da yawa suna ganin hayaƙin farar wuta na ma'aikatun Turai da Amurka yana cikin abin da ya jawo mana farin 1973 da na 1984. Wani bincike da masanan yanayi na Ingila suka buga a 2013 ya nuna in aka watsa ƙurar a arewa kaɗai, ƙasashen bakin Hamada za su yi fari. Wa zai riƙe linzamin wannan abu? In damina ta ƙi a Katsina ko Tawa, wa za a kai ƙara, a gaban wane alƙali? Shi ya sa a taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Nairobi a 2024 ƙasashen Afirka suka tsaya a kan a yi yarjejeniyar hana amfani da dabarar, aka tashi ba a daidaita ba.

Yanzu ku ɗauka kome ya tafi daidai, an hau 1.7, an sauko 1.5. Shin duniyar da aka tarar ita ce wadda aka bari? A'a. Lambar ma'auni tana komowa, amma ba kome ke komowa da ita ba. Teku ita ta ke shanye kusan kashi 90 cikin 100 na rarar zafin, kamar yadda bangon soro ya ke shan rana da bazara ya kwana yana huci. Ruwa in ya yi ɗumi ya kan kumbura, ga ƙanƙarar duwatsu tana narkewa tana malalowa ciki. Daga 1901 zuwa 2018 teku ta hau wajen santimita 20, kamar taƙi guda ke nan, kuma za ta ci gaba da hawa ɗaruruwan shekaru ko da zafi ya tsaya. Ƙanƙarar tsibirin Girinland kaɗai in ta narke duka teku za ta hau mita 7, kamar tsayin mutum huɗu. Dubban shekaru ta yi tana taruwa, ba za ta sake taruwa a zamanin jikokinmu ba. Masana suna tsoron akwai wani matsayi wanda in an wuce shi narkewar ba ta tsayawa ko an sauko da zafi. Haka kuma daskararriyar ƙasar Saiberiya, in ta narke ta kan saki mitan da iskar kabon, ta ƙara wa wuta itace.

Murjanin teku, inda kifi ke hayayyafa, an ƙiyasta kashi 70 zuwa 90 cikin 100 zai lalace a ɗaya da rabi, a digiri 2 kuwa kusan duka. Mutanen ƙananan tsibirai su suka matsa a Paris har aka rubuta ɗaya da rabi, domin ƙasarsu ba ta fi teku tudu da yawa ba. Ɗaya daga cikinsu, Tubalu, ta riga ta ƙulla yarjejeniya da Ostareliya a 2023, mutanenta 280 su riƙa ƙaura can ko wace shekara. Birnin Ikko ma a bakin ruwa ya ke.

Mu kuwa namu ba daga teku zai zo ba. A ran 3 ga Afrilu 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Wani babban asibiti na Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu na farkon watan, alhali kuwa a shekarar da ta gabata 130 ya ƙirga a watan duka. Da yawansu tsofaffi ne. Masanan da suka bi diddigin abin sun ce zafi irin wannan da bai auku ba in ba don ɗumamar duniya ba. Ko an sauko da zafi a 2100, shekarun da aka yi a sama an yi su, da daminarsu, da bazararsu, da waɗanda aka binne a cikinsu. Afirka duka kuwa abin da ta ke fitarwa na iskar kwal da mai bai kai kashi 4 cikin 100 ba.

Abin da ya fi damun mu da zancen ƙetarewa a komo shi ne yadda ya ke da daɗi a bakin mai son jinkiri. Kun san mutumin da ya kan ci bashin hatsi tun da bazara, yana cewa da kaka zai biya, alhali ko sharar gona bai yi ba. Ko wace shekara biyar da 'yan watanni da aka yi ana zuba tan biliyan 40, an ƙara 0.1 a kan bashin. Hana tan ɗaya fita yau ya fi araha nesa da kwashe shi gobe.

Ta wajen hanawar kuwa akwai labari mai daɗi, kada mu ɓoye shi. Kafin taron Paris ana lissafin duniya ta doshi kusan digiri 4. Yanzu ana zancen ƙasa da 3. Kuɗin samun lantarki daga hasken rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2023, shi ya sa ku ke ganin farantan sola a kan rufin masallatai da wuraren tura ruwa har a ƙauyuka. Sin, wadda ta fi ko wace ƙasa fid da iskar kabon a yau, ita ce kuma ta fi kowa kafa sola da injunan iska.

Kwasa ita ce ba ta da mai shi tukuna. Mai sayar da lantarki yana da mai saye, amma wanda ya binne iska a cikin dutse ba ya da hajar da zai kai kasuwa, sai in gwamnati ta biya shi ko doka ta tilasta wa masu zubawa su biya. 'Yan ƙasashe kaɗan ne suka ce za su kai matsayin kwashe fiye da abin da su ke zubawa. Jamus ta sa a dokarta za ta yi haka bayan 2050. Finland ta sa wa kanta 2035 ta kai daidaito, daga nan ta shiga kwasa, tana dogara da kurminta, domin wajen kashi uku cikin huɗu na ƙasar daji ne. Sai ga shi da aka auna na shekarar 2021, an tarar ƙasarta da dazuzzukanta da gonakinta in an haɗa su sun fid da iskar kabon fiye da yadda suka sha. Sara ya yi yawa, girman itatuwan kuma ya ragu.